Bitar trombon ta kwana 10: anya leɓena zai kai?

Ɗan Auta:

Assalamu alaikum 'yan uwa mabusa. Shawarar waɗanda suka riga ni nake nema.

Shekarata 19, kuma shekara huɗu ke nan ina busa trombon, ƙahon tagullar nan mai bututun da ake ja da turawa, tenor mai bawul ɗin F. A bandin makaranta na fara. An miƙo mini shi ne don kawai na fi kowa dogon hannu a ajinmu, har yau kuma ban ajiye ba. A watan Fabrairu na tura bidiyo na neman shiga wata bitar bazara ta masu busa kayan tagulla masu kaurin murya, wato trombon da yufoniyom da tuba. Ban ma sa rai ba. Shekaranjiya da daddare saƙo ya shigo cewa an ɗauke ni. Kwana 10 za a yi, a watan Yuli.

Da na buɗe jadawalin sai murna ta koma ciki. Ƙarfe 8 na safe kowa zai hallara a ɗumama baki tare. Daga nan sai darasin gaban jama'a, inda mutum ɗaya zai busa malami ya gyara masa kowa na kallo. Da rana ƙungiyar mutum huɗu-huɗu, da la'asar babbar ƙungiya ta trombon zalla, a rana ta takwas kuma jarrabawar gwaji a bayan labule. Na lissafa, kusan awa biyar zuwa shida ke nan kullum ƙarfe na baki. Ni kuwa a gida in na yi awa ɗaya da rabi leɓena ya gama aiki, sautukan sama su gudu, sai iska kawai ke fita.

To yaya mutum ke kai ƙarshen kwana 10 a haka? Me zan shirya cikin wata ukun da suka rage? Sannan tsakani da Allah, abin da ake samowa ya kai kuɗin da wahalar? Ajiyata ta shekara guda ce za ta tafi.

Baban Silaid:

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da arziki. Maganata za ta yi tsawo, ka yi haƙuri da tsoho.

Sau uku na je irin wannan bita. Ta farko ina da shekara 22, kuma a cikinta na tafka wautar da nake so ka kauce wa. Daren da muka sauka kowa ya shige ɗakin gwaji ya turo ƙofa. Bangon ba kauri, kana jin maƙwabcinka tamkar a kunnenka yake. Wani yaro a ɗakin dama ya kama Bolero, kiɗan Ravel, yana hawa sautin Bb na sama kamar mai shan ruwa. Na ce a raina wallahi ba za a bar ni a baya ba. Awa biyu na yi ina gasa da mutumin da ko fuskarsa ban gani ba, wataƙila ma bai san ina yi ba. Washegari a babbar ƙungiya na zauna a kujerar farko na yi ta ƙarfi, don a san na zo. Rana ta uku na farka leɓen sama ya kumbura, zoben ƙoƙon busa ya kwanta a kansa ja wur kamar an buga hatimi, ta ciki kuma haƙori ya yanka ni. Na kai ƙarfe baki, ba abin da ya fito sai huci. Kuma a ranar ne sunana ya fito a darasin gaban jama'a.

Malamin wani dattijo ne mai ƙaramar murya. Layi biyu ya saurara ya ɗaga hannu. Bai yi faɗa ba. Ya sa na ajiye trombon a kan kujera, ya ce in rera abin da bakina, a gaban mutum kusan 40. Na rera murya na rawa. Ya ce to ga waƙar nan a cikina lafiya lau, don me nake dukanta da ƙarfe. Daga nan ya hana ni busa har kwana ɗaya da rabi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wannan kwana ɗaya da rabin shi ne abin da na samo a bitar. Da yake ba ni da abin yi, sai na ja kujera na zauna a bayan wata ƙungiyar mutum huɗu ta manyan ɗalibai, kusa sosai, har ina jin shigar numfashinsu. Abu na farko da na lura da shi, tare suke jan numfashi, su huɗun, kamar ƙirji ɗaya. Na biyu, suna riƙe haɗin sautukan Bb da D da F, malamin yana nuna mai D da yatsa yana cewa ya sauka, ya ƙara sauka. Yaron yana riƙe da silaid, wato bututun da ake ja da turawa don sauya sauti, a matsayi na huɗu, ya ƙara tura shi waje kamar faɗin ƙaramin yatsa. Nan take sautin ya daina karkarwa ya tsaya cak, ɗakin ya cika, har ka rantse akwai mutum na biyar da ke busa tare da su. Tsikar jikina ta tashi. Daga baya na fahimci lissafin: tsakanin sauti da maƙwabcinsa na kusa a piyano akwai sent 100, kuma a irin wannan haɗin mai riƙe da sautin tsakiya sai ya sauka kusan sent 14 kafin haɗin ya kwanta. Na'urar daidaita sauti ce maka za ta yi ka kauce, alhali kunne ya san ka dace. Shekara biyar ina busa ni kaɗai da na'ura a gabana, ban taɓa jin wannan ba. Ba a jin sa sai da mutane.

Saboda haka ka cire wa ranka cewa za ka dawo da sabon leɓe. Tsoka ba ta ginuwa a kwana 10, gajiya kawai take yi. Kunne za ka je gyarawa. Za ka tsaya taku biyu daga wanda ya ƙware, ka ji yadda sautin yake kafin ya bi ta makirufo da lasifika, kuma wannan sautin zai zauna maka a ka. Ni sai da na dawo da kusan wata huɗu sannan abokan busata suka fara tambayata ko na sake trombon ne.

Batun shiri kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Awa ɗaya da rabin nan da kake yi a zama ɗaya, raba ta uku: safe, rana, yamma, minti 30 kowanne. Bayan mako biyu ka ƙara minti goma-goma, haka har ka kai awa uku a yini ba tare da ka kwana da leɓe mai zafi ba. A cikin kowane zama ka huta gwargwadon yadda ka busa. Ka yi layi ɗaya, ka sauke ƙarfe, ka rera layin, ka sake ɗauka. Zaman safe ka ba shi dogayen sautuka da sauya sauti da leɓe zalla ba harshe. Kusan duk inda ka je ɗumama bakin safe daga tsarin Emory Remington aka ɗebo shi, wanda ya koyar a makarantar Eastman da ke Rochester a Amurka daga 1922 har rasuwarsa a 1971, kuma shi ya raya al'adar tara masu trombon su yi ƙungiya guda. In ka san tsarin tun daga gida, safiyarka ba za ta ci maka ƙarfi ba.

Ka nemi littafin Rochut na farko in ba ka da shi. Asalinsa darussan rera waƙa ne na wani mawaƙin Italiya, Marco Bordogni, Joannès Rochut ya mayar da su na trombon a 1928 lokacin yana ƙungiyar makaɗan Boston. Ka zaɓi biyu ka san su kamar yunwar cikinka. Sannan karatun kilef ɗin tenor, wato alamar farkon layukan rubutun kiɗa da ke nuna inda kowane sauti yake: in har yanzu sai ka ƙirga layi da yatsa, fara yau, domin a babbar ƙungiya takarda za a ajiye maka kawai a ɗaga sanda.

In ka isa can, kwana biyun farko ka nemi kujera ta uku ko ta huɗu. Ba wanda zai raina ka, kuma a nan ƙasa ake koyon daidaita sauti.

Anti Mai Tuba:

Ƙanena barka. Ni tuba nake busawa, kuma kafin wani ya rigaye ni: e, duk wanda na gaya wa sai ya ce Allah ya karɓa. Na saba.

Baba ya gama magana kan kunne, ni kan iska zan tsaya. Ka ce bayan awa ɗaya da rabi sautukan sama suna gudu. Ina kyautata zaton ba raunin leɓe ba ne, ƙarancin iska ne. In iska ta gaza, hannun hagu ne ke biyan bashin, ya yi ta danna ƙoƙon a kan leɓe, jini ya daina zagayawa, shi ke nan ka gaji. Gwada wannan gobe: ka busa F ta tsakiya, kana cikin busawa ka riƙa sassauta dannawar a hankali har iska ta fara tsiyaya ta gefe. Za ka sha mamakin yawan ƙarfin da kake zubawa a banza. Mu masu tuba ba mu da zaɓi. Bututun trombon ɗinka kusan mita 2.7 ne in ba ka tura silaid ko danna bawul ba, nawa na BBb ya kai kusan mita 5.5, in na yi rowar iska ko sauti ɗaya ba zai tsaya ba.

A bitar da na je an raba mana jakar numfashi, wata jakar roba mai cin lita 5 ko 6, kana hura ta kana shaƙe iskar kana kallon yadda take cika da yadda take motsewa. Wannan koyarwar Arnold Jacobs ce, mai tuba na ƙungiyar makaɗan Chicago daga 1944 zuwa 1988, wanda ko masu ƙaho da masu sarewa suna zuwa ɗaukar darasi wurinsa. Abin da ya nace a kai shi ne mabushi ya sa hankalinsa kan waƙar da ke kansa da iskar da ke fita, ya bar sa wa tsokar bakinsa ido. Amma ka yi atisayen numfashin a zaune. Safiyar farko wata yarinya a gefena jiri ya ɗebe ta, saura kaɗan ta faɗa kan yufoniyom ɗinta. Da ka ji kai na juyawa ka tsaya.

Sai ƙananan abubuwa da ba a rubutawa a jadawali. Ka tafi da abin toshe kunne irin na makaɗa, domin zama a gaban bakin trombon 20 na awa biyu ba wasa ba ne, ni na kwana kunnena na ƙara. Ka sha ruwa sosai. Ka yi barci. Hirar dare da sababbin abokai tana da daɗi, amma leɓe cikin barci yake warkewa. In jirgi za ka hau, ka yi duk yadda za ka yi trombon ya shiga ciki tare da kai, don lotsawa ɗaya a silaid ta isa ta ɓata maka kwana goman. Ƙoƙon busarka kuma ya zauna a jakar hannu. Kuma don Allah, in masu sayar da kaya suka baje teburinsu, ka gwada duk abin da kake so amma kada ka sauya ƙoƙo a tsakiyar bita. Leɓen da ya gaji ƙarya yake yi, komai sabo daɗi zai yi masa na minti biyar.

Malam Na-Gefe:

Ni zan ɗan saɓa wa Baba da Anti, ba don sun faɗi ba daidai ba.

Shekara 15 ina koyarwa, kuma na ga ɗalibai sun dawo daga bita sun fi yadda suka tafi rikicewa. Malami na farko ya ce buɗe haƙora, na biyu ya ce ɗaga harshe, na uku ya ce manta da duka biyun. Kowannensu gaskiya ya faɗa, amma minti 20 ya gan ka, kuma ba zai sake ganinka ba. Wani ɗalibina an ce masa ƙoƙonsa ya yi ƙasa da yawa a kan leɓe, ya matsar da shi sama. Ya dawo ko sautin da yake da shi a da babu. Wata shida muka yi muna neman hanyar komawa. Duk wanda ya ce ka sauya zaman ƙoƙo a bakinka, ka yi godiya, ka rubuta, ka bari sai kana tare da malamin da zai bi ka mako-mako.

Sannan ka san wace irin bita ce, don sunan ɗaya ne amma abin ya bambanta. Akwai taro irin na ƙungiyar masu trombon ta duniya, wanda ya faro a Nashville a 1971, ita ƙungiyar aka kafa ta a 1972. Can sauraro da kallo da ganin mutane ya fi yawa. Akwai sansani irin Interlochen a jihar Michigan, tun 1928 yake, na yara da matasa 'yan makaranta, inda ake haɗa ka da dukan ƙungiyar makaɗa. Akwai kuma irin wadda Joseph Alessi ke shiryawa, wanda ya zama shugaban masu trombon na ƙungiyar makaɗan New York Philharmonic a 1985, inda wasu ke busawa a gaban malamai wasu kuma su shiga a matsayin masu sauraro. Ban raina kujerar mai sauraro ba ko kaɗan. Labarin Baba ma ai hujjata ce: ranar da aka hana shi busa ya fi ƙaruwa.

Tambayata gare ka: kana da malami yanzu? Kuma sau nawa za ka zauna kai kaɗai da malami a kwana goman? In amsar ita ce ba ka da malami kuma sau ɗaya ne, ka auna da kyau, don kuɗin nan zai iya biya maka darasi na watanni.

Ɗan Auta:

Na gode ƙwarai Baba, Anti, Malam. Allah ya saka da alheri.

Anti na gwada abin da kika ce. Kunya ta kama ni, ashe rabin ƙarfina a danna ƙarfe yake tafiya. Malam, gaskiya ba ni da malami tun da na gama makaranta, daga bidiyo nake koyo. Na duba takardar, zama biyu ne ni kaɗai da malami, minti 45 kowanne. Na yi tunanin maganarka kwana biyu. Abin da ya rinjaye ni shi ne ban taɓa zama kusa da mai trombon da ya fi ni ba, ko sau ɗaya. A bandinmu ni ne babba, kuma na san ba iyawa ce ta sa ba, rashin wani ne. Zan je, amma na ɗauki gargaɗinka kan ƙoƙo, kuma zan tambayi malaman can ko akwai mai ci gaba da ni ta intanet.

Saura tambaya ɗaya Baba. A darasin gaban jama'a in kai Concertino na Ferdinand David ko in kai Rochut? David ɗin ina iya kai shi ƙarshe in leɓe na da kyau. Kuma bayan labulen nan, me ake yi ne?

Baban Silaid:

“In leɓe na da kyau” ka ce, kuma ba ka san ranar da sunanka zai fito ba. Kai Rochut. Wanda ya kai abin da ya fi ƙarfinsa, malami zai ƙare minti 20 ɗinsa yana gyara masa sautukan da suka kuɓuce, abin da shi ma ya san sun kuɓuce. Wanda ya kai abin da ya iya, sai a yi masa maganar numfashi da yadda layi ke tafiya, wato abin da bai sani ba. David ɗin ka ajiye shi don zamanka na biyu da malami. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in akwai abin da ke ba ka wuya, faɗa da bakinka tun kafin ka fara. Ka nemi izini ka ɗauki darasin a waya, don a tsaye a gaban mutane rabin abin da aka faɗa maka ba zai shiga ba. Malam Na-Gefe ya yi gaskiya kan yawan baki. Ni kowane dare abu uku kawai nake rubutawa a ɗan littafi, in na dawo gida in ɗauki ɗaya in yi wata guda a kansa.

Labule kuwa kwaikwayon yadda ƙungiyoyin makaɗa ke ɗaukar ma'aikata ne. Alƙalai na gefe ɗaya ba sa ganinka, lamba ake kira ba suna ba, kuma ba a magana, in kana da tambaya sai ka raɗa wa mai rakiya. Gajerun gutsattsari za ka busa ɗaya bayan ɗaya. Da wuya a rasa Tuba Mirum na Mozart, wanda mai trombon na biyu ke yi shi kaɗai, sai Bolero, inda a ainihin wasa za ka daɗe zaune baki ya huce sannan a ce ka fara daga sama. Su aiko maka da jerin tun yanzu, ka saurari kowanne tare da dukan makaɗa har ka san abin da sauran ke yi a lokacin da kake busawa.

Abin da ke kayar da mutane a wurin bugun zuciya ne. Ka riƙa gwadawa a gida: hau bene da gudu ko ka yi tsalle 30, ka ɗauki trombon, ka kunna rikoda, ka busa sau ɗaya tak ba maimaici, kome ya fito ya fito. Ka yi haka kullum a makonni ukun ƙarshe.

Kafin ka shiga kuma ka buɗe makullin ruwa ka zubar da abin da ya taru a silaid. Ni na manta a tawa. Tuba Mirum ɗina gaba ɗaya da ƙarar kurkurar baki ya fita, ina jin wani alƙali a bayan labule yana ta tari don ya danne dariya.